Tambayoyinku: Sitajin Asibiti ga Masu Karatun Ƙwarewa a Fannin Magunguna

Assalamu alaikum, masu karatu. A wannan fitowa wasiƙu huɗu ne suka haɗu a kan magana ɗaya, wato zaman horo da masanan magunguna ke yi a sassan asibiti bayan sun riga sun karɓi digirinsu, abin da muka saba kira sitaj. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba, kuma na ɓoye sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan shafi.

Tambaya daga wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi:

"Malam, ina yi maka fatan alheri. Na kammala karatun magunguna, na yi aiki na ɗan lokaci a wani farmasi na cikin gari, yanzu kuma na samu gurbin karatun ƙwarewa. An gaya mana za mu riƙa zagaya sassan asibiti, mu yi watanni a kowane sashe. Ni dai abin da na saba shi ne a miƙo mini ordonansi in ba da magani. Me zan je in yi a ɗakin majinyata, alhali ga likitoci ga ma'aikatan jinya? Kuma da wane shiri zan shiga?"

Ƴata, Allah ya sanya albarka a wannan karatu. Wanda ke tsaye a bayan kanta takarda kawai yake gani, ba ya ganin mai ciwon. Bai san nauyin yaron da aka rubuta wa maganin ba, bai san ko ƙodar dattijon tana aiki yadda ya kamata ba, bai kuma san abin da matar ta sha a gida kafin a kawo ta ba. A ɗakin kwanciya duk waɗannan abubuwa suna gabanki, wasu a cikin dosiye, wasu a bakin masu jinya, kuma aikinki shi ne ki gwama su da abin da aka rubuta ki ga ko sun dace. Likita hankalinsa yana kan gano cutar, ma'aikacin jinya yana kan kula da jikin majinyaci dare da rana, amma akwai tambayoyin da ba a ajiye kowa musamman dominsu ba sai ke: shin wannan magani shi ne ya dace da wannan mutum, awonsa daidai ne, ba ya karo da wani, an ajiye shi yadda ya kamata, kuma ya shiga jikin mai shi a lokacin da aka ce?

Jerin sassan da tsawon zama a kowanne ya danganta da makarantarki, amma yawanci akan fara da farmasin asibitin da ma'ajiyarsa, sannan a shiga sashen cututtukan manya, da na yara, da na haihuwa, da na tiyata, da na gaggawa, a kuma leƙa ɗakin gwaje-gwaje. Kada ki raina watannin ma'ajiya. A can za ki koyi cika katin kaya, da fitar da maganin da wa'adinsa ya fi kusa kafin wanda ya fi nisa, da lissafin abin da sashe ke ci a wata domin a yi oda kafin kaya su yanke, da riƙe rajistar magunguna masu sa maye irin su morfin, wadda ba a yarda a samu giɓin ko kwalba ɗaya a cikinta ba. Wanda bai san abin da ke cikin ma'ajiya ba zai je gaban likita ya ba da shawarar maganin da babu shi a garin gaba ɗaya.

Idan kin shiga ɗakunan kwanciya, ki riga zagayen safe isowa. Ki karanta dosiyen majinyatan da aka ba ki, ki duba sakamakon gwaje-gwajen da suka fito, ki kwatanta abin da likita ya rubuta jiya da abin da takardar jinya ta nuna an bayar. Sau da yawa a tsakanin waɗannan takardu biyu ne matsalar take, domin a asibitocinmu dangi ne kan je su sayo wani ɓangare na maganin, kuma idan kuɗi bai kai ba sukan sayo rabi su yi shiru saboda kunya.

Da za a ba ni zaɓi, sashen yara zan ce ki fi ba wa ƙarfi, musamman idan zamanki ya faɗo tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika ɗakuna a jiharmu har gadaje su yi kaɗan. A wurin yara babu wani awo guda da za ki haddace ki huta, domin kowane yaro da nauyinsa. Ɗauki allurar artesunat da ake yi wa mai masassara mai tsanani. Babba da yaron da ya kai kilo 20 ana ba su miligiram 2.4 a kan kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo. Ana yin allurar farko da isowarsa, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24, daga nan kuma sau ɗaya a rana har ya iya haɗiyar magani. Kwalbar miligiram 60 gari ce, sai an narkar da ita da mililita 1 na ruwan bikarbonat da ke zuwa tare da ita, a jira ruwan ya washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri idan ta jijiya za a yi, ta yadda kowane mililita zai ɗauki miligiram 10. Ke nan yaro mai kilo 12 yana buƙatar miligiram 36, wato mililita 3.6, sai ki bi ƙa'idar sashen wajen cike awon a sirinji. Abin da ya rage a kwalbar ba a ajiye shi don allurar dare, domin da zarar an narkar da shi ƙarfinsa ba ya jimawa. Akwai kuma matakin da ake yawan mantawa idan yaro ya farfaɗo ya fara wasa: bayan allurai uku aƙalla, dole ya sha cikakken maganin baki na kwana uku, kuma idan mai lumefantirin ne, a ba shi tare da nono ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi sosai. Ke ce za ki tabbatar uwar ta tafi da wannan magani, ta kuma fahimci yadda za ta ba da shi.

Kusa da wannan akwai ɗakin yaran da tamowa ta yi wa tsanani, wanda ake kira CRENI. Tun daga ƙarancin abincin 2005 jihar Maraɗi ta zama wurin da aka tara ƙwarewa mai yawa a kan jinyar irin waɗannan yara, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana wannan aiki a Madarunfa, saboda haka idan kin samu damar yin ko wata ɗaya a irin wannan ɗaki, kada ki bari ta wuce ki. A nan za ki ga cewa jikin da yunwa ta cinye ba ya karɓar magani kamar sauran jikuna. Ana fara su da madarar F-75, wadda ke ba da kalori 75 a kowane mililita 100, ba a gaggawar ƙara musu ƙiba. Ba a ba su maganin ƙarin jini mai ƙarfe a kwanakin farko ko da jininsu ya yi ƙasa, domin yana iya ƙarfafa ƙwayoyin cutar da ke jikinsu. Ruwan gishiri da sukari na zawo ma nasu daban ne, ana kiransa ReSoMal, gishirinsa ya fi kaɗan, kuma ƙarin ruwa ta jijiya ba tare da tsananin buƙata ba yana iya fin ƙarfin zuciyarsu. Idan an rubuta jentamisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, ki lura da fitsarin yaron da yawan kwanakin da aka ɗiba, saboda maganin yana taɓa ƙoda da ji.

A sashen haihuwa, fara da buɗe firji. Oksitosin, allurar da ke hana zubar jini bayan haihuwa, ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin garinmu yakan haura 40, ga ɗaukewar wutar lantarki. Kwalbar da ta kwana a kan tire ko a aljihun riga tana nan da kamanninta, amma ƙarfinta yana raguwa, kuma ungozoma ba za ta gane haka ba sai jini ya ƙi tsayawa. Ki duba ko ana rubuta sanyin firjin safe da yamma, ki kuma san abin da ake yi idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Idan an sa wa mai jijjigar ciki magneziyom salfet, ki tabbatar ana ƙirga numfashinta, ana gwada motsin gwiwarta, ana auna fitsarinta kafin kowane awo na gaba, kuma kalsiyom gulukonat, wanda shi ne makarinsa, yana nan a ɗakin, ba a kulle a ma'ajiya ba.

Sashen manya kuwa wurin karon magunguna ne, domin mutum ɗaya yakan zo da ciwo uku. Mai tarin fuka yana shan rifampisin wata shida, shi kuma wannan magani yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magungunan. Idan majinyacin yana kuma shan dolutegirabir na cutar sida, sai an mayar da shi miligiram 50 sau biyu a rana, idan kuma mace ce mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, a sanar da ita cewa ƙwayar ba za ta kare ta yadda ta saba ba. Ki koyi ƙiyasta aikin ƙoda daga gwajin kiriyatinin da shekaru da nauyin mutum, domin da shi ne za ki san lokacin da metformin, maganin ciwon sukari, ya zama haɗari. Idan azumi ya gabato, ki zauna da masu ciwon sukari da ke shan gilibenkilamid ko suke allurar insulin, ki ji niyyarsu, ki kai wa likita don a gyara musu lokaci da awo, maimakon su gyara da kansu a gida.

Amma abin da na fi so ki fita da shi daga wannan sashe shi ne iya tambayar abin da aka sha kafin zuwa asibiti. Idan kika ce wa mutum, "Kana shan magani?" zai ce a'a, saboda a wurinsa diklofenak ɗin da yake saya wajen mai talla a bakin tasha don ciwon jiki ba ya cikin lissafi, haka jiƙon da aka haɗa masa a ƙauye, haka ƙwayar sha-ka-fashe da wasu mata ke sha don ƙiba, wadda sau da yawa dekzametazon ne a ciki, mai tayar da sukari da hawan jini, wanda kuma ba a yanke shi rana ɗaya ga wadda ta daɗe tana sha. Ki zauna, ki gaisa, ki tambaya ba da faɗa ba, ki ce a kawo miki ledar da aka zo da ita daga gida. Kina da abin da wasu abokan aikinki ba su da shi, wato Hausar da majinyacin ke ji, sai ki yi amfani da ita ranar sallama: ki haɗa shan magani da lokutan salla ga wanda ba ya duba agogo, ki gaya wa mai shan rifampisin tun da wuri cewa fitsarinsa zai yi ja don kada ya tsorata ya bari, sannan ki ce ya maimaita miki abin da ya ji.

Game da shiri, ki nemi jerin muhimman magunguna na ƙasa da ƙa'idojin jinya na masassara da tamowa da tarin fuka da sida, ki sake bitar lissafin awo har ya zauna miki, ki kuma tanadi ƙaramin littafi da za ki riƙa rubuta kowace matsala da kika gano, da shawarar da kika bayar, da abin da aka yanke. Kada sunan majinyaci ya shiga wannan littafi, kada kuma hoton dosiyensa ya shiga wayarki.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Tasawa:

"Malam, ɗana ya yi shekaru yana karatun magunguna a Yamai, ya kare kundinsa, har ana ce masa dokta. Na shirya in taimaka masa ya buɗe farmasi a nan gida, sai ya ce zai ƙara karatu. Yanzu kullum yana asibiti har da kwanan gadi, kuma ba wani kuɗin kirki. Wannan ba ɓata lokaci ba ne?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da ka yi. Damuwarka tana kan hanya, domin shekarun sitaj shekaru ne na ƙunci, kuma tsaransa da suka buɗe kanti za su riga shi tara abin hannu. Amma ba ɓata lokaci yake yi ba. Digirin da ya samu ya ba shi ilimin magani, wannan zaman kuwa yana koya masa aiki da ilimin a kan mutumin da ke kwance, kuma ba a koyon haka daga littafi.

Ba mu muka fara wannan tsari ba. A Amurka ya samo tushe cikin shekarun 1960, kuma ana yawan ambaton abin da aka yi a asibitin jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a 1966, inda aka ɗauke masanan magunguna daga ma'ajiya aka zaunar da su a hawan da majinyata ke kwance don su yi aiki tare da likitoci. A yau mai son aikin asibiti a can yakan ƙara shekara guda ta horo bayan digiri, wasu su ƙara ta biyu don ƙwarewa a fanni ɗaya. A Faransa, wadda tsarin karatunmu ya fi kama da nata, ɗalibin magunguna yana yin shekararsa ta biyar rabi a jami'a rabi a asibiti, wanda kuma ya ci jarrabawar zama ɗan horon asibiti yana yin shekara huɗu yana sauya sashe duk bayan wata shida.

Mu kuwa buƙatarmu ta fi tasu. A 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau, an gano cewa an yi wa dubban mutane a Nijar rigakafi da allurar jabu wadda ba ta da magani a ciki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici ko dai jabu ne ko marasa inganci. Garin kasuwa irin Maraɗi, wanda kaya ke shigo masa ta kowace kusurwa, yana buƙatar mutumin da zai tsaya a asibiti ya san daga ina kowane kwali ya fito, ko daga ONPPC ne, ofishin ƙasa mai samar da magunguna, ko daga wani dillali mai izini, wanda kuma idan ya ga magani ya ƙi aiki a kan majinyata da yawa zai yi zargi ya nemi a kai samfur ɗakin bincike na LANSPEX a Yamai. Tun 2006 kuma ƙasarmu ta ɗauki tsarin jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma tsarin ba ya tafiya sai da wanda ya iya tattalin kayan da ke hannu.

Kwanan gadin da kake ji, a nan ne ake kawo wanda maciji ya sara ko yaron da ya sha fiya-fiya, a nemi makari cikin dare, kuma shi za a tambaya ko akwai, da yadda ake haɗa shi. Shawarata, Alhaji, ka tambaye shi shekara nawa karatun zai ɗauka da irin aikin da yake hange a bayansa, ya kuma bincika ko yana da haƙƙin tallafin karatu. Idan da hali, ka ɗauke masa kuɗin haya da na abin hawa. Buɗe farmasi sana'a ce mai daraja, kuma ƙofarta ba za ta rufe masa ba idan ya gama.

Tambaya daga wata majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wani sashen kwanciya:

"Malam, na daɗe a aikin jinya. Ana turo mana waɗannan ɗaliban magunguna, wasunsu da ladabi, wasu kuwa sai su riƙa gyara mana aiki a gaban dangin majinyata. Kwanan baya wani ya ce mini a gaban mutane kada in zuba allurar seftiriyakzon a cikin ƙarin ruwan Ringa da ke rataye. Ko da yana da gaskiya, haka ake yi? Mene ne iyakar aikinsu?"

Hajiya Majo, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. A kan maganin, yaron yana da gaskiya. Ruwan Ringa yana ɗauke da kalsiyom, shi kuma seftiriyakzon idan ya haɗu da kalsiyom yakan daskare ya zama ƴan ƙananan tsakuwoyi, waɗanda aka samu sun toshe huhu da ƙodar jarirai har sun yi sanadin mutuwa. Saboda haka ba a haɗa su a gora ɗaya ko a bi da su ta igiya ɗaya a lokaci guda. Ana narkar da shi ne a ruwan gishiri ko na sukari. A kan yadda ya faɗa kuwa, ya yi kuskure babba. Da ya matso kusa da ke ya yi magana ƙasa-ƙasa, ko ya roƙe ki ku ɗan koma gefe, da an tsare majinyacin ba tare da an zubar da girmanki ba. Dangin da suka ji an gyara wa majo a gabansu ba za su sake sakin jiki da duk abin da aka rataya wa ɗan'uwansu ba, kuma wannan ma cutarwa ce. Wuri ɗaya kawai na yarda ɗalibi ya ɗaga murya, shi ne idan allurar da za ta yi kisa tana dab da shiga jijiya kuma babu lokacin kewaye-kewaye.

Iyakar aikinsu a fili take. Ɗan sitaj ba ya rubuta magani, ba ya soke abin da likita ya rubuta, ba ya canja awo da hannunsa, ba ya kuma ba ma'aikatan jinya umarni. Abin da yake yi shi ne ya gano matsala, ya tabbatar da ita a littafi, ya kai wa mai kula da shi ko likitan da ke da majinyacin tare da mafita, sannan a rubuta abin da aka yanke. Ina koya wa nawa ɗaliban su zo da magana a siffar tambaya mai hujja, misali su ce, "Dokta, kiriyatinin ɗin wannan dattijo ya hau tun jiya, ko za a duba awon jentamisin ɗinsa?" Wanda ya zo da haka ana saurarensa, gobe ma a neme shi.

Ina kuma roƙonki, Hajiya, kada laifin ɗaya ya sa ki rufe wa sauran ƙofa, domin rabin abin da suka zo koya yana hannunku ne. Ku kuka san ƙarfe nawa ake iya ba da magani a zahiri idan mutum biyu ne ke gadin ɗaki cike, ku kuka san yadda ake ba yaron da ke amai ƙwaya, ku ne kuma ke fara ganin ƙuraje ko kumburin leɓe a jikin wanda magani bai karɓe shi ba. Irin wannan gani naku shi ne tushen rahoton illar magani, aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wa shiri na musamman a 1968 bayan bala'in talidomid, maganin da ya sa aka haifi dubban jarirai da naƙasassun gaɓoɓi. Ki sa ɗaliban su riƙa cika takardar rahoton, su gyara muku kabad ɗin magungunan gaggawa, su rubuta muku jadawalin abin da ake haɗawa da abin da ba a haɗawa a manna a bango. Shi kuma wancan yaro, ki kira shi ofis ki yi masa faɗa irin na uwa, idan ya maimaita ki sanar da mai kula da shi, domin ladabin aiki yana cikin abin da ake ba su maki a kai.

Tambaya daga wani matashi, Madarunfa:

"Malam, ina son karatun ƙwarewa a aikin asibiti. Wasu sun ce in tafi Najeriya tunda ga ta kusa, wasu sun ce in nufi Dakar ko Abijan. Wanne ya fi?"

Ɗana, kowace hanya da abin da take nema daga gare ka. A Najeriya jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya da Bayero da ke Kano suna koyar da fannin magunguna, kuma kowacce tana da babban asibitin koyarwa da ɗalibai ke horo a ciki. Akwai kuma kwalejin ƙwarewa ta masanan magunguna ta Afirka ta Yamma, mai mazauni a Legas, wadda ƙasashe masu aiki da Ingilishi suka kafa. Amfanin wannan hanya shi ne kusanci da gida, da kuma cewa majinyatan da za ka tarar a Kano ko Zariya Hausa za su yi maka, amma karatu da dosiye da zagayen safe duk da Ingilishi ne, kuma kafin ka taɓa aikin sana'a sai ka daidaita da hukumar da ke yi wa masanan magunguna rajista a ƙasar. A Dakar da Abijan da Wagadugu kuwa harshen aiki shi ne Faransancin da ka yi karatu da shi, tsarin ma ɗan'uwan namu ne, sai dai nisa da tsadar zama, da kuma buƙatar tafinta tsakaninka da majinyata da yawa.

Kafin ka biya ko dala, ka nemi amsar abu uku a rubuce. Ka tambayi wata nawa ɗalibi ke yi a ɗakunan kwanciya da gaske, domin akwai karatun da sunansa na asibiti ne amma yawancinsa a aji ake yi. Ka tambayi wane ne zai tsaya a kanka a gefen gado, masanin magunguna ne mai aiki a sashen ko kuwa za a sake ka ne kawai ka bi bayan likitoci. Sannan ka je ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai ka tabbatar za a amince da takardar idan ka dawo, ka kuma duba ko tana cikin waɗanda CAMES, hukumar tantance ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, ta yarda da su, musamman idan kana da burin koyarwa a jami'a wata rana, ko a ta Abdu Mumuni ko a ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi. Idan makarantar ta yarda ɗalibi ya yi wani ɓangare na sitajinsa ko binciken kundinsa a ƙasarsa, ka nemi a ba ka watannin damina a sashen yara na ɗaya daga cikin asibitocin jiharmu, ka kuma fara neman izinin hukumar asibitin tun watanni kafin lokacin, domin takardun sukan ɗauki lokaci kafin su fito.